Littafin halin 'yan foka a shagon Tela

Lahadi, 7 ga Janairu, 2024

Mu shida ne ke haɗuwa duk daren Lahadi bayan isha'i a shagon Tela, nan Agege, ba nisa da gadar Pen Cinema. Ranar ce kaɗai ba na fita Computer Village gyaran waya. Ba sai na kira sunan kowa ba, sana'a ta isa: akwai Tela mai masauki, da Direba, da Ɗan Canji da muke tsokana da Alhaji, da Kawu mai albasa a kasuwar Mile 12, sai ƙanena da ke karatu a Yaba, wanda zan riƙa kira Ɗalibi.

Da whot muke yi. Direba ne ya kawo mana foka, ya koyo ta a wurin yaran gidan da yake wa tuƙi, irin wadda ake kira Texas Hold'em. Kowa a ba shi karta biyu ya ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a tare, sai ta huɗu, sai ta ƙarshe. Kafin kowace buɗewa da bayanta ana zagayawa, ko ka zuba, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka kwanta ka bar musu. Wanda ya fi haɗi mai ƙarfi, ko wanda ya kori kowa da burga, shi zai kwashe tarin.

Ba kuɗi a ciki, ko kwabo. Kawu ne ya gindaya wannan sharaɗi tun ranar farko, ya ce aya ta 90 ta suratul Ma'ida ta jera caca da giya wuri guda, shi kuwa ba zai tsufa a cikinsu ba. Murfin lemo muke amfani da shi, kowa 200, in an tashi a mayar cikin gwangwanin madara. Wanda nasa ya fara ƙarewa shi ne mai rabon karta har a watse. Na san akwai malaman da ba sa son karta ko da ba kuɗi, kuma ban ce ba su da hujja ba.

Abin da ya sa na buɗe wannan littafi: wata huɗu ke nan ina koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da dare, na gaji da darussan da ba su da kai ba su da gindi. Ina son aikin da ya shafe ni. Masu buga foka a intanet suna da manhajoji irin PokerTracker da Hold'em Manager da ke tara duk abin da abokin hamayya ya taɓa yi, su nuna maka alƙalumansa a gefen sunansa. Ni kuma zan yi nawa da biro da littafin 'yan firamare, in na koma gida in zuba a kwamfuta. Tambayata guda ce: abin da mutum ya yi a makonnin baya, zai iya faɗa min nawa zan zuba masa yau?

Lahadi, 14 ga Janairu

Daren farko na rubutu. Hannu 48 muka buga, wato sau 48 aka raba karta. Riƙe karta da biro lokaci guda ashe aiki ne, sau biyu na kusa nuna wa Direba kartata. Sun yi min dariya son ransu, Ɗan Canji ya ce in na gama in rubuta masa har yawan tarin da ya yi.

Layi huɗu na ja wa kowa: ya shiga hannun da son ransa ko ya kwanta, ya ƙara kafin a buɗe komai, me ya yi da aka zuba masa bayan ukun farko, me aka gani a hannunsa in an kai ga baje karta. Direba ya shiga sau 31. Kawu sau 6. Saura suna tsakani.

Litinin, 22 ga Janairu

Kasuwa ba ciniki da safe, sai na zauna da kalkuletar waya. A karta 52, hanyoyin da za a iya ba mutum biyu 1,326 ne. Tagwaye, wato biyu masu lamba ɗaya, iri 13 ne, kowane iri yana zuwa ta hanya 6, jimilla 78. Ke nan sau ɗaya cikin 17 ake samun tagwaye, tagwayen Es kuwa sau ɗaya cikin 221. Kowane haɗin karta biyu mabambanta, kamar Es da Sarki, ta hanya 16 yake zuwa.

To ga Kawu. A dare biyu ya shiga sau 12 cikin hannu 97, kusan kashi 12 cikin 100. Kashi 12 na 1,326 wajen 160 ne. In na haɗa duk tagwaye, 78, da Es-Sarki, Es-Sarauniya, Es-Jak, Es-10 da Sarki-Sarauniya, 80, na sami 158. Ashe ba sai na leƙa hannunsa ba. In Kawu ya tura murfi gaba, abin da ke hannunsa bai wuce cikin wannan ɗan kwandon ba, kuma ba abin wasa a ciki. Ni da na saba binsa da Jak da 9 don kawai suna da kyan gani, na gane inda murafuna ke tsiyayewa.

Direba kuwa ya haura kashi 60, wajen hanya 800 ke nan. Kwandonsa har da tarkace. Kuma lissafi ya nuna wanda ke riƙe da karta biyu mabambanta, sau ɗaya cikin uku kawai ɗayarsu ke samun 'yar uwa a ukun farko. Sau biyu cikin uku, in ya yi wannan zaman nasa na isa yana kaɗa mukullin mota, hannunsa fayau yake.

Lahadi, 28 ga Janairu

Yau na fara aiki da littafin, kuma a kan mai masauki abin ya faɗa. Tela na son ganin ukun farko, amma ba ya son faɗa. Sau 19 aka zuba masa bayan an buɗe su, ya kwanta sau 14.

Lissafin burga ba wuya. In akwai murfi 20 a tsakiya na zuba 10 ba ni da komai, ina sa 10 a haɗari don in kwashi 20. In ya kwanta sau ɗaya cikin uku na mayar da uwar kuɗi, duk abin da ya haura haka riba ce. Mutumin da ke kwanciya sau uku cikin huɗu kuwa, ai gona ce ba mai tsaro. Sau biyar na zuba masa rabin tari ba tare da na duba ko kartata ta dace da tsakiya ba, ya bar min huɗu. Na tashi da murfi 310. A hanyar gida sai da na tsaya wajen mai suya na yi wa kaina biki.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Ana wata ga wata. Ɗan Canji ya yi min abin da har yanzu nake jin zafinsa, kuma laifin na littafina ne.

Ina riƙe da Sarki da 10. Ukun farko suka fito 10, 6, 3, na zuba ya bi. Ta huɗu Jak, duk muka wuce. Ta ƙarshe 2. Tari ya kai 40, sai ya ɗebo 40 cif ya ajiye, ya harɗe hannu yana kallon silin. Don in bi, zan sa 40 a tarin da zai zama 120, wato in ina cin sa sau ɗaya cikin uku, bin ya halatta. Na buɗe shafinsa. Na ga sau biyar aka taɓa ganin kartarsa bayan ya yi irin wannan babban zubi na ƙarshe, kuma duk biyar ɗin hannu mai ƙarfi ne, har da 'yan uku sau biyu. Na ce wannan ba ya burga. Na kwanta.

Ya juya kartarsa a hankali kamar mai ƙirga dala: 8 da 7. Ko tagwaye babu.

"Malam marubuci," in ji shi, "sa wannan ma a littafin."

Da na dawo gida an ɗauke wuta, na kunna fitilar waya na bi shafin layi-layi. Sau 16 ya yi babban zubi a karta ta ƙarshe. Sau 7 kowa ya kwanta masa, ba wanda ya san me ya riƙe. Sau 9 aka bi shi. Biyar ya baje ya kwashe. Sauran huɗun fa? Na tuna yadda yake yi: da an ce "na bi", sai ya cusa kartarsa a kife cikin sauran ya ce "ɗauka, naka ne", ya hau danna waya. Ni kuma sai in rubuta "ba a gani ba", manhajar ta tsallake layin. Mutumin da ya zuba cikakken tari, aka bi shi ya ƙi ko nuna karta, me yake riƙe da shi in ba iska ba? Ke nan huɗu cikin tara burga ce da aka kama, kashi 44, ni kuwa 33 nake buƙata. Amsar tana cikin littafin tun farko, ni na share ta da hannuna.

Abin ya wuce Ɗan Canji. Duk kartar da ta shiga layi na huɗu, ko dai dole ce ta sa aka nuna ta, ko mai ita ne ya ga dama. Ta dole tana karkata ga masu ƙarfi, don mai rauni kan mutu tun a hanya. Ta ganin dama kuwa talla ce, mutum na nuna maka abin da yake so ka ɗauka game da shi. Ko 8 da 7 ɗin nan, ai ba don Allah ya nuna min ba, so yake mako mai zuwa in bi shi ranar da ya riƙe na gaske. Na raba layin gida uku: wanda aka gani dole, wanda aka nuna don ra'ayi, da wanda aka jefar a kife bayan an bi.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Ba wasa. Duk mun tafi gidan kallo, wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Ivory Coast. Troost-Ekong ya fara ci, Kessié ya rama, Haller ya ƙarasa mu, 2 da 1. Ba wanda ya yi maganar karta.

Talata, 20 ga Fabrairu

Ɗalibi ya kwana a wurina, na nuna masa alƙaluman ina ta bayani. Ya saurara, sannan ya ce, "Yaya, sau 19 ɗin nan da kake ta kafa hujja da shi, ai ko kwandala ka wurga sau 19 tana iya ba ka 13 a fuska ɗaya." Na ce ƙarya ne. Muka rubuta 'yar manhaja mai layi shida ta wurga mana sau 19 har dubu goma. Wajen sau 8 cikin 100 fuskar da muka zaɓa ta fito 13 ko fiye. Ba kullum ba, amma ba abin mamaki ba ne.

Ya koya min yadda ake auna girman kuskuren. In halin mutum na gaskiya shi ne yin abu sau 30 cikin 100, ka lura da shi sau 30 kawai, abin da za ka gani yana iya kaucewa da maki 16 sama ko ƙasa: ka ga 14, ka ga 46, duk mutum ɗaya ne. A lura 100 kaucewar ta koma wajen 9. A 400, tsakanin 4 da 5. Don ka rage kuskure da rabi sai ka ninka lura sau huɗu. Wannan ya sa na fahimci layukana ba darajarsu ɗaya ba. Yawan shiga yana samun sabon bayani a kowane hannu, shi ya sa na Kawu da Direba ya zauna da wuri. Abin da mutum ke yi a karta ta ƙarshe kuwa, sai a yi dare guda bai faru sau uku ba. Kuma a nan ne ake zuba murfi mafi yawa.

Maganin da muka ɗauka tsoho ne. Thomas Bayes, wani limamin coci a Ingila, shi ya fara shimfiɗa yadda ake gyara zato da sabuwar shaida, aka buga aikin a 1763 bayan rasuwarsa. Laplace na Faransa ya zo da wata ƙa'ida mai sauƙi: in abu ya faru sau kaza cikin gwaji kaza, ƙara 1 a sama, 2 a ƙasa. Wanda ka gani sau biyu ya kwanta sau biyu, kar ka ce kullum kwanciya yake, ka ce uku cikin huɗu. Ni na ɗan ƙara nauyi: kowane layi na zuba masa hannun bogi guda 10 a kan matsakaicin teburinmu. Tela da ke da 14 cikin 19, kashi 74, in an ƙara masa 5 cikin 10 ya zama 19 cikin 29, kashi 66. Da ƙaruwar hannun gaske, na bogin sai su nutse da kansu.

Lahadi, 3 ga Maris

Tela ya farka.

Hannu na tara, tari 16, tsakiya Sarki, 7, 2. Ya wuce, na zuba 8 kamar kullum da Sarauniya da 9 a hannuna. Bai ko ɗaga kai daga maɓallin da yake ɗinkewa ba, ya turo 24. Na kwanta. Ya nuna min 5 da 4. Bayan rabin awa ya sake, na sake kwantawa. Karo na uku zuciya ta ɗebe ni, ina da Es da 7, tsakiya ta ba ni tagwayen 7, na ce yau sai na ga ƙarshen wannan burgar. Na bi shi har ta ƙarshe. Tagwayen Jak ne a hannunsa, ga na uku a tsakiya. Murfi 120 suka tafi a hannu ɗaya, na zama mai rabon karta tun ƙarfe goma ba ta yi ba.

Ya ce, "Yaya, ai ni ma ina da littafi. Nawa a ka yake."

Daga nan gardama ta tashi. Kawu ya ce hali zanen dutse ne, mai tsoro ko ya yi rawar jarumta yau, gobe zai koma gidansa na jiya. Ɗan Canji ya ce a wajen ciniki ba haka ba ne, duk wanda ka cuta sau uku da farashi ɗaya, na huɗu da shirinsa zai zo. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa. Kawu kansa dutse ne, wata biyu bai motsa daga kashi 12 zuwa 13 ba. Amma Tela ba halinsa na auna ba, abin da ya saba yi ne lokacin da ba wanda ke dukansa a wurin. Da na riƙa duka, ni da kaina na canza shi, littafin kuma ya ci gaba da ba ni labarin mutumin Janairu.

Gyara: kowane mako manhaja za ta ninka tsoffin darare da 0.8. Daren da ya kwana mako uku nauyinsa ya koma kusan rabi. Ɗalibi ya ce wannan ya ci karo da maganarmu ta ranar Talata, don ina zubar da shaidar da ma ba ta ishe ni ba. Haka ne. Ban ga yadda zan sami duka biyun ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Gobe za a tashi da azumi. Kawu ya ɗauki gwangwanin ya ɗora a saman kabad ɗin Tela, ya ce sai bayan Sallah.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Barka da Sallah. Kafin mu koma, ga abin da na karanta a kwanakin nan da ya rage min ɗoki.

Na ɗauka manyan kwamfutocin da suka doke ƙwararru a foka sun yi ne ta hanyar karanta halin mutum, irin abin da nake yi, sai dai a babban mataki. Ashe ba haka ba ne. A 2015 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka fitar da Cepheus, wadda ta kusan warware fokar mutum biyu mai ƙayyadadden zubi gaba ɗaya. A Janairun 2017 Libratus, ta Tuomas Sandholm da Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh na Amurka, hannu 120,000 cikin kwana 20, ta lallasa su. Abin da ya tsaya min a rai shi ne aikin da take yi da dare. In an tashi wasa, ba raunin mutanen take nema ba. Tana duba inda suka yi ta ƙoƙarin kutsa mata, ta toshe ramin. A 2019 Pluribus, da aka yi tare da Facebook, ta ci ƙwararru a teburin mutum shida, ita ma ba ta sauya wasanta don halin wani.

Tushen abin yana komawa ga John von Neumann da aikinsa na 1928, wanda John Nash ya faɗaɗa a 1950: a wasan mutum biyu irin foka akwai tsarin da in ka riƙe shi, ko abokin karawa ya san shi ciki da bai ba zai ci ribarka ba a dogon zango. Da na yi wa Direba bayani bai gane ba, sai na kawo masa bugun fanareti. Mai bugun da kullum dama yake kaiwa, gola mai nazari zai tare shi, kamar yadda Nwabali ya tare biyu ranar da muka fitar da Afirka ta Kudu. Amma golan da ya ƙudurta faɗawa dama ya bar hagu a buɗe, ranar da mai bugu ya gane, shi ke nan. Duk sanda ka karkata don ka ci wani, ka buɗe gefe guda. Abin da ya same ni da Tela ke nan.

Ban yar da littafin ba, don mu ba ƙwararru ba ne. Ramukan teburinmu manya ne, wanda ya ƙi cin Direba don tsoron kar a gane shi ya bar abinci a ƙasa. Abin da na sauya shi ne tsari. Yanzu ina da wasan gindi da nake yi wa kowa, littafi kuma ba ya juya ni sai da sharaɗi biyu: lura ta kai 30, kuma mutumin ya kauce wa matsakaici da maki 20 ko fiye. Ko a hakan ma rabin karkata nake yi. Inda da zan yi wa Tela burga biyar cikin biyar, yanzu uku.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Na ƙara layi ɗaya da ya biya wahalarsa: hannu goma da ke biyo bayan babbar asara. Ɗan Canji a zaman lafiya yana shiga wajen kashi 30. In aka kwashe masa tari mai kauri, a goman da ke biye yana shiga shida ko bakwai, kuma a nan yake yawan ƙundumbala ya tura duka. Ba sai da kwamfuta ba ma, hularsa yake turawa ƙeya. Yau na jira shi da tagwayen 9, ya tura duka da Sarki da 5, na bi ba tare da dogon tunani ba.

Na so in ƙara wasu layukan, kujerar da mutum yake, da ko ya ci abinci, da ko kasuwa ta yi masa kyau. Da na raba bayanan sai na ga kowane gida lura uku ko huɗu ke ciki. Na goge. Kujera kaɗai na bari, ita ma gida biyu: masu fara magana da masu magana a ƙarshe.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ashe mako biyar ke nan Ɗalibi na da shafi a wayarsa, kuma sunana ne a sama. Bayan an watse, muna tafiya bakin titi ya nemi motar Oshodi, ya miƙo min.

Abu uku ya rubuta. Na ɗaya, in ina da hannu mai ƙarfi ina buɗewa da murfi 6, in na tsaka-tsaki ne 4, sau 22 cikin 25. Na biyu, in zan kwanta, ina ɗaukar biro tun kafin layi ya zo kaina, don haka wanda ke gabana ya san ba ni a ciki. Na ukun ne ya kashe ni: duk sanda na leƙa littafi sannan na zuba, burga ce. In ina da kaya ba na buƙatar izinin littafi, zubawa kawai nake. Sau 11 ya gani, sau 9 haka ne.

Na ce, "Kai da wa ka faɗa wa?"

Ya ce, "Wallahi Yaya ban faɗa wa kowa ba. Amma Tela ya riga ni gani."

Wata huɗu ina ƙirga mutum biyar a teburin mutum shida. Na buɗe wa kaina shafi a daren, na bi tsofaffin darare na cike abin da zan iya. Daga yanzu buɗewa 5 ce ko me na riƙe. Littafi yana cikin jaka, sai an gama hannu in fito da shi, alƙaluman kuma in haddace su tun a gida. Inda burga da wucewa suka yi kunnen doki, agogo zai raba: in sandar daƙiƙa tana rabin farko in zuba, in tana na biyu in wuce. Ba wanda zai karanta abin da ni ma ban sani ba sai da na kalli agogon hannuna.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ruwa ya tsuge tun la'asar, layin shagon ya cika, sai da muka naɗe wando. Janaretan maƙwabci muka ja.

Dare 14 ke cikin kwamfuta, hannu 671. Jimillata riba ce ta murfi 340, amma 290 daga ciki dare ɗaya ne da na sami tagwayen Es sau biyu, abin da ba littafi ne ya kawo shi ba. Layukan da na yarda da su yanzu uku ne: yawan shigar kowa, yawan ƙarin kowa, da Ɗan Canji bayan asara. Na karta ta ƙarshe har yau ba wanda ya kai lura 30 in ban da shi. Na Tela yana lilo tsakanin 45 da 60 tun Maris, na daina taɓa shi. Aikin mako mai zuwa shi ne in sa manhaja ta riƙa nuna kowace lamba da faɗin kuskurenta a gefe, ta kuma dusashe duk wadda ba ta cika sharaɗi ba, don idona ya daina kai wa gare ta.

Direba ba ya nan, ya kai masu gidansa Ibadan. Kawu ya zo da baƙo a madadinsa, wani ɗan uwansa da ya sauko da motar albasa daga Aliero, ya ce bai taɓa bugawa ba, a waya kawai yake gani. Na buɗe masa sabon shafi, ba komai a ciki sai hannun bogi goma. Hannu na uku ya ƙara a kan ƙarina, ya zuba min ido yana murmushi. Ina da Es da Jak. Na kalli agogo, sandar tana kan 40, na kwanta. Bai nuna ba.